Daga Galma zuwa ruwan gishiri: yaushe zan sauka Ikko?

Nura Dakace:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Yayan matata da ke zaune wajen Ikorodu ya matsa in sauko Legas mu haɗa hannu. Yana da kwale-kwale da ɗan inji, amma shi dako yake yi, bai iya su ba. Ni kuwa kun sani, a kogin Galma na buɗe ido, birgi (ragar jifa) da kalli (ragar shimfiɗawa) da mamari (igiya mai ƙugiyoyi da yawa) babu wanda ban riƙe ba. Ya ce ruwan wajensu ba zurfi, wani wurin iya gwiwa ne har can nesa, kifi na ta tsalle a gaban mutum. Ga mu a ƙarshen Oktoba. In tafi yanzu ko in jira? Kuma kayana na nan za su yi aiki a can?

Ɗan Kwangila:
Kifi na tsalle a gaban mutum? To shi surukin naka me ya hana shi tara kwando? 😂

Kawu Isiyaku (Ikorodu):
Wa alaikumus salam Nura. A bakin wannan ruwan nake neman abincina, don haka bari in fara. Kada ka taso yanzu.

Surukinka bai yi ƙarya ba. Lagun ɗin Legas, wato babban tafkin nan da ke haɗe da teku, in ka cire hanyar manyan jirage da ramukan masu haƙar yashi, yawancinsa bai kai zurfin mita 2 ba. Sai dai a wannan watan ba ruwan gishiri ba ne. Kogin Ogun a nan gefenmu yake zubowa, in kuma aka saki ruwan dam ɗin Oyan wajen Satumba ko Oktoba, ruwa sai ya yi ja, ka ɗiba ka kai baki ba ka jin gishiri ko kaɗan. Ga kainuwa ta rufe gaɓa. Ba irin 'yar ƙaramar nan ta kududdufinmu ba, wata ce mai tsawo mai fure shuɗi-shuɗi, tana tafiya a dunƙule, fili guda. Ta naɗe farfelar inji, ta hana jirgi fita. Ka shimfiɗa kalli da dare, gari ya waye ka tarar ta yi gaba da shi. Gishiri ne kaɗai maganinta. Da ruwan teku ya fara shigowa wajen Disamba za ka ga ta yi baƙi tana ruɓewa. In ka ga haka, lokacinka ya yi.

Malam Bashir Samaru:
Kawu ya riga ni. Ƙari kawai zan yi don Nura ya gane dalili. Lita guda ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Lagun ɗin kuwa ƙofa ɗaya yake da ita zuwa teku, ta mashigar tashar jiragen Apapa. Kullum ana ture-ture ne a wannan ƙofa tsakanin ruwan kogi da na teku. Da damina kogi ke da ƙarfi, yakan kora gishirin waje har ya kusa ƙarewa. Ruwan sama a Legas ya fi yawa a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. In rani ya kama, koguna suka ja, teku sai ta yi ta kutsowa, daga Fabrairu zuwa Afrilu ruwan da ke kusa da mashigar yakan kusanci na teku a gishiri. Kifin teku gishirin yake bi. Bonga, barakuda, kuroka da 'yan'uwansu, sai ruwan ya yi musu suke shigowa ciki sosai. Wuri ɗaya ne, amma kifin Oktoba daban, na Maris daban.

Abba jikan Baba Ɗanlami:
Na karanta wa Baba, ya ce in rubuta. Wai Nura, kai da hankalinka, ruwa ya fara ja a Galma, kifi zai taru a gurbi, lokacin da masunci ke jira shekara guda, shi ne za ka ɗauki ƙafa ka tafi ruwan da ba ka san sunan ko kifi ɗaya a cikinsa ba? Ya ce in tafiyar ta zama dole, ka ci kakarka a gida tukuna, ka tara kuɗin mota da na dawowa.

Nura Dakace:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, na ji. To amma Baba, gurbin da muke kamawa da, yanzu mutum nawa ne a kai? Ga masu noman rani sun kafa injuna suna zuƙe ruwa tun kafin hunturu ya yi nisa. Ba son yawo ba ne.

Sajan Garba Mai Ritaya:
Duk kun yi maganar wata da wata, babu wanda ya yi maganar awa da awa, alhali ita ce ke cin baƙo. Na yi aikin ruwa a Bonny da Kalaba. Nura, saurara.

A Galma ruwa sau ɗaya yake cika a shekara, sau ɗaya yake ja. A bakin teku sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa, kowace rana ta Allah. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25 ko kusa da haka. Saboda haka kullum lokacin na matsawa gaba da wajen minti 50. In yau ya cika da ƙarfe 7 na safe, zai kai ƙarshen janyewa ɗaya da 'yan mintuna na rana, gobe kuma cikar sai bakwai da hamsin. Bayan mako guda, wannan cikar ta safe ta koma wajen azahar. Wanda ya ce shi kullum bayan asuba yake fita don haka ya saba a gida, wata rana zai tarar da ruwa, wata rana ya tarar da taɓo iya ganinsa, jirginsa na zaune a kai.

Wata ne ke jan ragamar abin. Mu kuwa da ma da lissafin wata muka tashi, nan mun fi 'yan boko sauƙi. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu, ruwa ya fi cika ya fi janyewa, gudunsa ya fi ƙarfi. Wajen 7 zuwa 8 ga wata, da 22 zuwa 23, ruwan ya yi sanyin jiki, tashinsa da saukarsa kaɗan ne. Abin da ka gani ran 3 ga wata, kusan shi za ka sake gani ran 18.

Kawu Isiyaku (Ikorodu):
Haka ne Sajan, sai dai kada ka tsorata yaron da ruwan Kalaba. Can ne yake tashi kusan mita 3. Mu a Legas ko a bakin teku wajen mita guda ne, kafin ya iso cikin lagun wajenmu ya ragu ƙwarai.

Sajan Garba Mai Ritaya:
Isiyaku, a shimfiɗaɗɗen wuri ko kamu biyu ruwa ya sauka ai ya isa ya bar jirgi a kan laka. Kuma ba tafiya ɗaya yake yi ba. Awar farko a hankali, awa ta uku da ta huɗu su ne masu gudu, rabin ruwan gaba ɗaya a cikinsu yake wucewa, sannan ya sake lafawa. Mutum na tsaye iya cinya yana jifa, hankalinsa na kan kifi, bai ankara ba ruwa ya kai ƙirji, hanyar da ya bi ya shigo ta ɓace.

Nura Dakace:
To Sajan, a cikin waɗannan awannin, yaushe kifi ke ci?

Kawu Isiyaku (Ikorodu):
Wannan tawa ce, bari in amsa. In ruwa ya tsaya cak, ko a ƙarshen cika ko a ƙarshen janyewa, zauna ka gyara raga. Ruwa mai tafiya shi ke da kifi.

In ya fara shigowa yana hawa kan lakar da rana ta gasa, ƙananan ƙaguwa da jatan lande da tsutsa duk suna fitowa. Na farkon bin ruwan shi ne atoko, wannan mai tsallen da surukinka ya gani. Dogo ne, mulmulalle, fari a ciki, kansa a ɗan baje. Garke-garke suke tafiya a ruwan da bai kai gwiwa ba, suna tsotsar laka da gansakuka. Kada ka ɓata ƙugiyarka a kansu, ba kasafai suke kama koto ba. Birgi ne maganinsu. Amma fa suna da ido. Kifi na ganinka mai jar koma, a nan na ga zahirinsa. Inuwarka ta faɗa kansu, sun watse. Ka buga filafili a jikin jirgi, sun watse. Mu inji tun daga nesa muke kashe shi, a tura da gora a hankali. Ba garken za ka jefa wa ba, gabansu za ka jefa, inda suka dosa. Alamarsu ita ce ruwa ya riƙa ɗan rawa a wuri guda alhali ba iska, ko ka ga ƙurar laka ta tashi a ƙasa.

In kuma ya juya yana fita, sai ka bar fili ka koma bakin 'yan ƙoramun da ke tsiyaye ruwan filin. Duk ƙaramin abin da ya hau sama dole ta nan zai sauko. Manyan kifi sun san haka, suna nan a bakin a jere kamar 'yan kamasho a tashar Kwangila suna jiran fasinja. A nan fatsa ke aiki. Ka sa jatan lande mai rai, ka soke shi ta wutsiya don kada ya mutu da wuri, darma 'yar kaɗan ko ma babu, ka jefa sama da bakin ka bar ruwa ya kawo shi da kansa. In ka ja shi yana saɓa wa ruwa, babu mai kula shi, don ba haka abinci ke tafiya ba.

Ɗan Kwangila:
Kawu mu kuma me muka yi aka sako mu cikin kifi? Allah ya isa ban ce ba 😂

Malam Bashir Samaru:
Ƙari kan maganar fatsa: in barakuda na wurin, zaren roba ba ya tsira, haƙoransa reza ne. Ana ɗaura ɗan guntun waya tsakanin ƙugiya da zare. Sannan gishiri na cin ƙarfe. Ƙugiyoyin mamarinka da ke shekara a Galma, can cikin 'yan kwanaki za su yi tsatsa in ba ka ɗauraye su da ruwan daɗi kullum ba. Inji ma haka.

Kawu Isiyaku (Ikorodu):
Mamarin ma ni ban ba shi shawarar ya kawo ba. Ƙaguwa ta yi yawa, ga kunaman ruwa na maƙalewa, ga jiragen fasinja na wucewa. Birgi dai ya taho da shi. Sai dai ya rage masa darma. Wanda aka yi don yashin Galma in ya faɗa laka mai taushi nutsewa yake, ka jawo buhun taɓo. Kuma ya nisanci gindin itatuwan nan na bakin ruwa masu saiwa a waje, akwai kawa manne a jikinsu, kaifinta na yanka raga ya yanka ƙafa.

Maman Walida (kasuwar Sabon Gari):
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ɗaya, kunaman ruwan nan da Kawu ya ambata a gurguje, ba shi ne mai kashe mutum ba? Ku gaya wa yaron nan gaskiya, yana da mata da 'ya'ya ƙanana.

Sajan Garba Mai Ritaya:
Hajiya kin kyauta da kika tsayar da mu. Faffaɗan kifi ne, yana binne kansa a yashi ko laka a ruwa marar zurfi, idanu kawai a waje. Ba ya bin mutum. Taka shi ake yi, shi kuma ya ɗago wutsiya ya soka ƙaya a idon sawu. Ƙayar na da zarto, tana da dafi. Na ga an fito da wani ƙato daga ruwa, mutumin da ko gezau ba ya yi, yana kuka da hawaye yana kiran uwarsa, ƙafar ta kumbura kafin a kai gaɓa. Kisa ba kasafai ba, sai in ta sami ciki ko ƙirji, amma ciwon na iya ruɓewa ya kwantar da mutum wata da watanni.

Dabarar ita ce kada ka ɗaga ƙafa in kana tafiya a ruwan. Ja ta za ka riƙa yi a ƙasa, in ka zungure shi ta gefe tashi zai yi ya gudu. In kuma tsautsayi ya faɗa, a tsoma ƙafar a ruwan zafi iya yadda fata za ta jure ba tare da ta ƙone ba, rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, zafin na karya raɗaɗin. Daga nan a wuce asibiti a duba ko guntun ƙaya ya karye a ciki, a yi allurar tetanus. Ban da tsaga wurin da reza, ban da ɗaure ƙafa da roba.

Abu na biyu, ramukan yashi da Isiyaku ya faɗa. Kana tafiya iya gwiwa, taku ɗaya ka ji babu ƙasa. Ka riƙe gora kana dogarawa gabanka. Rigar iyo kuma ba ado ba ce.

Nura Dakace:
Sajan ni fa tun ina yaro nake ƙetare Galma da iyo a tsakiyar Agusta.

Sajan Garba Mai Ritaya:
Da igiyar birgi ɗaure a hannunka, ragar ta maƙale a ƙasan rami? Sa rigar kawai.

Abba jikan Baba Ɗanlami:
Baba ya ce a tambayi malamai, wai ruwan gishirin nan ana alwala da shi? Kuma ƙaguwa da wannan kunaman in sun faɗa raga, halal ne a sayar?

Malam Hadi Ƙofar Doka:
Ka gaishe da Baba. Masu tafiya a jirgi sun yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin wannan tambaya, ya amsa cewa teku ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta halal ne. A mazhabarmu ta Malikiyya dabbobin ruwa halal ne, har ƙaguwa. Abin lura kawai, inda ruwan ya canja launi ko wari saboda ƙazantar gari, a nemi wani. Sallah kuma Nura ya tsara fitarsa, tunda an ce ruwan ba ya bin agogo.

Injiniya Mukhtar:
Ni fa ina ganin ana wahalar da shari'a. Akwai manhajar waya da ke nuna lokacin cika da janyewa na Legas na shekara guda. Ya sauke, shi ke nan. Sannan ya sayi kalli mai ƙananan ido ya tare bakin ƙoramar nan da Kawu ya faɗa tun ruwa na cike, in ya janye ya kwashe komai. Me zai tsaya yi da fatsa ɗaya-ɗaya?

Kawu Isiyaku (Ikorodu):
Injiniya, manhajar na da amfani, ni ma ɗana ya sa mini. Amma lissafin bakin mashiga take bayarwa. Kafin ruwan ya zagayo ya iso wajenmu an sami jinkiri, kowane lungu da nasa. Iska ma na sa hannu. In ta kudu maso yamma ta yi ƙarfi sai ta tura ruwa ta riƙe shi a gaɓarmu, in an yi ruwan sama can inda kogi ya taso kuma ya ƙara nasa. Abin da zai yi, ya kafa sanda a bakin ruwa, ya yi kwanaki yana duba ta yana duba wayar har ya gane tazarar wurinsa.

Maganar tare ƙorama kuwa, kada ka jefa yaro cikin rigima. Ruwan nan da kake gani fili, kowane taku da mai shi. Ƙabilun Egun da Ilaje da Ijebu sun gaji wuraren kamunsu kaka da kakanni. Za ka ga an kakkafa rassan itace a cikin ruwa wuri guda, akaja ke nan, gonar kifi ce ta wani. Ya kashe kuɗi ya zuba itace, karfasa da obokun, ɗan'uwan warushenmu, suna taruwa suna kiwo a ciki, bayan watanni ya zagaye da raga ya kwashe. Ka jefa birgi kusa da ita, ka taɓa aljihun mutum. Kafin ya jiƙa raga, surukinsa ya kai shi gaban Baale, wato mai garin, da shugaban masunta na wurin, a san da shi, ya biya abin da ake biya. Da ɗan gari akan ci gari.

Malam Bashir Samaru:
Kuma ko ba rigima, ƙaramin ido ɓarna ne. Waɗannan filayen marasa zurfi su ne wurin renon 'ya'yan kifin teku da jatan lande. Da yawansu a teku ake haifarsu, su shigo lagun su girma, su koma. Dalilin da ya sa dokar kamun kifin teku ta 1992 da ƙa'idojinta suka hana manyan jirage masu jan raga aiki cikin mil 5 na ruwa daga gaɓa ke nan, wato sama da kilomita 9, don a bar wa ƙananan masunta da ƙananan kifi. In mu kuma muka bi su har ɗaki da gidan sauro, me aka yi?

Injiniya Mukhtar:
Malam, wanda ke da haya a kansa ba ya jin wannan karatun. Kuma jiragen da kake faɗa suna bin dokar ne?

Malam Bashir Samaru:
Wasu ba sa bi, masunta na kuka da su kullum. Wannan bai halatta mana namu ba.

Abba jikan Baba Ɗanlami:
Baba ya ce a gaya wa Injiniya, da idonsa ya ga shekarun da aka riƙa zuba gubar gamalin a gurabe, aka kwashi kifi kwando-kwando ana murna, bayan nan aka yi shekaru ana jefa birgi ana jawo kwaɗi. Ya ce kifin da bai kai tafin hannu ba a mayar da shi, ko a Galma ko a Ikko.

Injiniya Mukhtar:
Allah ya huci zuciyar Baba. Ni dai ban ce guba ba, raga na ce.

Sajan Garba Mai Ritaya:
A koma kan lokaci. Disambar da ake cewa ya zo, akwai hazo. Hunturun can ba sanyi irin na Samaru, amma ƙura kan sauka kan ruwa da safe har ka kasa ganin gaɓa. Ga masu gudu da jiragen fasinja. Ya riƙe fitila mai ƙarfi da usur, kuma makonnin farko kada ya yi nisan da zai daina ganin doguwar gadar nan ko fitilun gari. Alherin lokacin shi ne ruwa a kwance yake. Daga Yuni zuwa Satumba ne iska ke tayar da teku.

Kawu Isiyaku (Ikorodu):
Ko da rani ma safiya ta fi. Da rana ta karkata iskar teku ke tasowa, lagun ya fara tsalle, ruwa ya gurɓace, ba ka ganin komai a ƙasa. Ranar da cikar ruwa ta faɗo da sassafe, wannan ranar ba a ba da aron ta. Wajen Maris kuma ruwa marar zurfi na ɗaukar zafi da tsakar rana, kifi ya gangara kwari, sai ka bi shi bakin hanyar ruwa ko ka jira yamma. Ka sa rana a bayanka in kana son gani cikin ruwa, amma ka lura inda inuwarka ke faɗawa. Ka kuma riƙa kallon tsuntsaye, inda suke faɗowa ruwa akwai ƙananan kifi, a ƙarƙashinsu akwai wanda ya koro su.

Malam Bashir Samaru:
Ni da za a bi tawa, da Epe ya fara. Ruwan Epe da Lekki kusan na daɗi ne duk shekara, don sun yi nisa da mashiga, ga kogin Osun na zuba a can. Akwai yauni, akwai balli, akwai karfasa, ga obokun wanda ɗan'uwan warushenmu ne. Kifin da ya sani ne, kayansa za su yi aiki yadda suke, ga kasuwar Oluwo a bakin ruwa. Ya saba da mutane da yare, sannan ya matso gishiri.

Kawu Isiyaku (Ikorodu):
Malam, a takarda haka ne. Amma jirgin a Ikorodu yake, masauki a Ikorodu yake, wanda zai tsaya masa a Ikorodu yake. A Epe wa ya san shi? Kuma in kifin da ya sani yake so, ai da damina shi ke zuwa har ƙofarmu. Ni abin da na gani, ya zo ƙarshen Disamba, ya shiga jirgin wani Ba'egune a matsayin yaro wata guda, ko ba a biya shi ba. Zan yi masa hanya. Ya ja gora, ya kwashe ruwa, ya buɗe ido. Bayan nan ya hau na surukinsa, ya ci Fabrairu da Maris da Afrilu, ruwan sama na kankama ya hau mota ya zo ya yi shuka.

Nura Dakace:
Yaro kuma Kawu? Da gemuna?

Ɗan Kwangila:
Aske shi za ka yi, in ka dawo ya tsiro.

Abba jikan Baba Ɗanlami:
Baba ya yi dariya, ya ce wannan shawarar ta Isiyaku ita ce magana. Ya ce ƙarshen Disamba ya yi, lokacin an gama cin gurabe. Amma kallinka ka bar wa ƙanenka, kada ka kai shi gishiri ya cinye.

Nura Dakace:
Na gode iyayena, Allah ya bar zumunci. Zan kira surukina in gaya masa sai bayan Kirsimeti. Kawu zan neme ka ta gefe kan maganar mutumin.

Maman Walida (kasuwar Sabon Gari):
Tsaya Nura, ban gama da kai ba. Duk an koya maka kamawa, ba wanda ya ce ga yadda za ka yi da shi in ka kama. Zafin can da laima, kifi ba ya jiran kowa. Atoko da ka ji, cikinsa laka ce, in ba a farke shi da wuri ba kafin azahar ya fara wari. Matan bakin ruwa su ke saye, su ke yanka farashi, kuma in kana sauri sun gane. Ka samu mace ɗaya mai amana ka riƙe ta, ko da za ta rage maka kaɗan.

In bonga ta samu da yawa, ita nake so. A yi mata banda ta bushe ƙarau, ba irin shan hayaƙin kwana ɗaya da suke yi don cin gari ba, wannan kafin mota ta wuce Jebba ya yi fumfuna. A bar ta ta huce sarai kafin a zuba a kwali, a shimfiɗa takarda tsakani, ban da leda. Motocin da ke sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 da yawa wayam suke dawowa, ka ba direba kwali biyu ya sauke mini a Kwangila. Kuɗin mota nawa, na banda naka.

Kawu Isiyaku (Ikorodu):
Hajiya, itacen banda a nan ba arha ba ne fa. In ƙarau kike so, sai dai a raba kuɗin itacen biyu.

Maman Walida (kasuwar Sabon Gari):
A fara turo kwali ɗaya in ga bushewar tukuna, Kawu, sannan mu yi maganar itace.